Wuri da Mutum: Abin da Ke Ƙara Munin Haɗarin Mota a Ƙasar Haɗeja

1.0 Gabatarwa

Duk lokacin da aka sami labarin haɗarin mota, tambayar da ta fi saurin fitowa daga bakin jama'a ita ce, "Garin yaya?" Daga nan sai a shiga lissafa laifin direba, a ce gudu yake yi, ko barci ne ya sace shi, ko kuwa ya nemi wuce wata mota a kan kwana. Tambayar tana da kyau, sai dai akwai 'yar'uwarta wadda ba a cika yi ba, wato me ya sa wannan haɗari ya ci rayuka, alhali wani irinsa a wani wuri bai wuce buguwa da ƙujewa ba? Aukuwar haɗari daban take, munin raunin da ya haifar shi ma daban yake. Ra'ayin da wannan maƙala ta tsaya a kai shi ne, a ƙasar Haɗeja da fadamun da ke kewaye da ita, abin da ya fi raba wanda zai tashi ya kakkaɓe rigarsa da wanda za a kai makwancinsa shi ne wurin da abin ya auku da kuma irin mutumin da ya rutsa da shi. Muddin aka tattara wa'azi gaba ɗaya a kan direba, aka bar unguwa da kasuwa da makaranta da asibiti yadda suke, to, ba a taɓa rabin matsalar ba.

Wannan tunani ba sabo ba ne. Tun wajen shekarar 1970 wani likitan Amurka mai suna William Haddon ya kasa nazarin haɗari gida uku: kafin karo, da lokacin karo, da bayan karo. A kowane gida kuma ya ce a dubi mutum, a dubi abin hawa, a dubi muhalli. Galibin maganganun da ake yi a tashoshin mota da gidajen rediyo sun maƙale ne a lungu ɗaya tak, wato halin direba kafin karo.

2.0 Yadda Harshe Ke Ɗauke Alhaki

Ɗalibin Hausa zai amfana idan ya fara da duba jimlolin da ake ba da labarin haɗari da su. Akan ce, "mota ta ƙwace masa," ko "taya ta yi bindiga," ko "burki ya shanye," ko "tirela ta bi ta kansa." A dukkan waɗannan, ƙarfe ko roba ne aikau. Babu wanda ya sayi tsohuwar taya, babu wanda ya bar kasuwa ta malalo kan kwalta, babu wanda ya gina makaranta ƙofarta na kallon babban titi. Idan an gama sai a rufe zancen da cewa tsautsayi ba ya wuce ranarsa, ko kuma ƙarar kwana ce.

Babu mai jayayya da ƙaddara, kuma waɗannan kalamai suna sanyaya zuciyar wanda aka yi wa rashi, nan ne ma muhallinsu. Amma ba su dace da teburin mai tsara hanya ko ofishin shugaban makaranta ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a rahotonta na 2023 cewa kimanin mutum miliyan 1.19 ke mutuwa a kan hanyoyi duk shekara, kuma kashi 92 cikin 100 nasu a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita ne, alhali motocin waɗannan ƙasashe ba su wuce kimanin kashi 60 cikin 100 na motocin duniya ba. Fiye da rabin mamatan masu tafiya a ƙasa ne da masu keke da masu babur. Abin da yake zaɓen talaka da mai tafiya a ƙasa haka, shekara bayan shekara, yana da sanadi, kuma sanadi abu ne da ake iya nema a gano.

3.0 Darasin Majiya

Garin Majiya yana cikin Ƙaramar Hukumar Taura, a kan hanyar da ta taso daga Kano ta bi ta Ringim da Gujungu ta nufi Haɗeja, wadda duk mutumin Haɗeja mai zuwa Kano ya san ta. Ranar Talata 15 ga Oktoba, 2024 da daddare, wata tankar fetur da ta taso daga Kano za ta Nguru ta Jihar Yobe ta kife a cikin wannan gari. Man ya tsiyaye ya bi magudanar ruwa, jama'a suka fito da bokitai da jarkoki suna kwasa, can sai wuta ta tashi. A kwanakin farko an ƙirga mamata sama da 150, aka yi musu jana'iza a babban kabari, sannan waɗanda suka ƙone suka yi ta cikawa a asibitoci, har kwamitin binciken da gwamnatin jihar ta kafa ya ba da adadin mutum 209. An rarraba masu rauni zuwa asibitocin Ringim da Haɗeja, wasu kuma sai da aka dangana da su Dutse da Kano.

Abin lura a nan shi ne, kifewar motar ita kanta ba ita ce ta yi wannan ɓarna ba. Da a dokar daji ta kife, da labarin bai wuce asarar mai da mota ba. Cikin gari ta kife, inda gidaje da shaguna suka matso bakin titi, kuma da dare, lokacin da kowa yana gida. Ta kife ne a daidai lokacin da litar fetur, wadda ake saye ƙasa da naira 200 kafin janye tallafi a watan Mayu na 2023, ta kai kimanin naira 1,000. Ga saurayin da ke acaɓa, ko manomin da ke ban ruwa da inji, jarka guda ta fetur kuɗin cefanen kwanaki ce. Ga shi babu isassun jami'an da za su killace wurin, 'yan kaɗan da suka yi ƙoƙarin korar mutane an fi ƙarfinsu. Bayan wutar kuma sai aka sami ɗaruruwan masu ƙuna a yankin da ba shi da asibitin da aka tanada domin irin wannan jinya, wadda ke bukatar ƙarin ruwa da jini da ɗaki mai tsafta na makonni.

Wasu sun ce kwaɗayi ne kawai, wanda ya je kwasar abin da ba nasa ba shi ya jawo wa kansa. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki, domin talauci ba ya halatta dukiyar wani. Sai dai wannan hukunci ba ya bayyana komai. Masu kwaɗayi suna ko'ina, har a unguwannin masu hali, amma ba a taɓa jin sun fito da bokiti ba. Haka kuma mutane da yawa ba su san cewa tururin fetur ne ke kamawa ba, ya fi iska nauyi, yana bin ƙasa yana taruwa a kwari da kwata, ta yadda tartsatsi daga nesa ya isa ya tayar da gobara. Rashin wannan sani ba laifin kwaɗayi ba ne, giɓi ne a abin da aka koya wa mutane. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa ta ce mutum 411 ne suka mutu wajen kwasar mai a Nijeriya a 2024, kuma wata uku kacal bayan Majiya, a watan Janairu na 2025, aka maimaita irin wannan a mahaɗar Dikko ta Jihar Neja. Hana manyan tankoki masu ɗaukar lita 60,000 bin hanya daga watan Maris na 2025 mataki ne a kan abin hawa, bai taɓa gari ko mutanen cikinsa ba.

4.0 Titi a Tsakar Gida

Majiya ta girgiza ƙasa saboda yawan adadi, amma mafi yawan rayukan da hanya ke ci ɗaiɗai take ɗauka, ba tare da jarida ta ji ba. A nan ma wuri ne kan gaba. Kusan duk garin da ke kan hanyoyin masarautar Haɗeja, daga Kafin Hausa zuwa Auyo, daga Malam Madori zuwa Birniwa, babban titi ya ratsa ta cikinsa ne, ko kuma a ce garin ne ya taso ya rungumi titin, tun da ciniki a nan yake. Mai shayi da mai faci da mai tsire suna bakin kwalta. Ranar kasuwa kuwa, a wuri irin Gujungu, kasa kaya da lodin dabbobi kan cinye rabin hanya. Da kaka akan mayar da gefen titi wurin shanyar shinkafa da tattasai. Titi ɗaya ne yake aikin hanyar tirela, yake aikin dandali, yake aikin masussuka.

Lissafin da ke bayan wannan mai sauƙi ne. Ƙarfin bugun mota ba ya ƙaruwa daidai da gudunta, ninkuwa yake yi: idan gudu ya ninka sau biyu, bugu ya ninka sau huɗu. Mutumin da mota ta buge tana gudun kilomita 50 a sa'a tamkar wanda ya faɗo ne daga tsawon mita 10, wato wajen bene mai hawa uku. A kilomita 80 kuwa, tamkar daga mita 25 ne. Mafi yawan waɗanda aka buge a gudun kilomita 30 sukan rayu. Daga kilomita 50 zuwa 65 kaɗai, yiwuwar mutuwar mai tafiya a ƙasa na ninkawa fiye da sau huɗu. Motar da ke gudun kilomita 100 tana cin kusan mita 28 a daƙiƙa guda, ke nan kafin direba ya ɗaga ƙafa ya taka burki ya riga ya wuce tsawon gidaje biyu. Dokar hanya ta Nijeriya ta ƙayyade kilomita 50 a cikin gari ga ƙananan motoci, da 45 ga tanka da tirela. Amma direban da ya shafe sa'a guda yana sheƙa gudu a fili, babu abin da ke gaya wa ƙafarsa cewa ya shigo gari, sai wani ɗan allo da ƙura ta rufe, in ma akwai shi.

Da yake jama'a sun gaji da jira, sau da yawa bayan an kaɗe yaro sai matasa su tara ƙasa ko su jera kututture a kan titi domin tilasta rage gudu. Manufar daidai ce, hasali ma sun fi masu allo fahimtar matsalar. Amma tudun da aka yi shi da tsini, ba fenti ba gargaɗi, yakan kifar da mai babur da dare, ya karkatar da motar da ta yi lodi. Aikin injiniya ne aka bar wa masu juyayi.

Sai kuma abin da ya keɓanta da fadama. Kogin Haɗeja, wanda madatsun Tiga da Challawa ke juya ruwansa daga sama, ya mai da yankin Auyo da Kirikasamma da Guri matattarar noman shinkafa da alkama da kamun kifi. Wannan albarka ita ke jawo manyan motoci da ɗaruruwan 'yan ƙwadago. Jirgin ƙasan da ya isa Nguru a 1930 ta Malam Madori, wanda a da yake ɗauke nauyin gyaɗa da fatu, ya daɗe da barin wannan aiki ga titi. Hanyoyin fadama kuma a kan tudun ƙasa ake ɗora su, da ruwa ko laka dama da hagu. Motar da ta sauka daga titi a kan jigawa takan tsaya cikin rairayi, amma a fadama juyawa take yi ta faɗa ruwa, wanda ya suma na minti biyu kawai sai ya nutse. A shekarun ambaliya irin su 2018 da 2020 da 2022, ruwa ya yanke hanyoyi ya cinye kwalbatoci, ƙauyuka da dama sai da kwale-kwale ake isa gare su. A irin wannan lokaci, nisan asibiti ba da kilomita ake auna shi ba, da sa'o'i ne.

5.0 Wane ne a Kan Hanya?

Karo ɗaya ne, amma jikin da ya karɓe shi ba ɗaya ba ne. Yaro gajere ne, gaban mota a kai ko ƙirji yake samunsa, ba a ƙafa ba. Bai iya kintatar gudun abin da ke tahowa ba, kuma idan yarinya ce mai talla, da faranti a ka tana bin motar da ta tsaya, hankalinta na kan canji. Shi ya sa haɗarin hanya ya zama babban abin da ke kashe 'yan shekara 5 zuwa 29 a duniya. Tsoho kuwa, karayar ƙugu da saurayi zai warke daga gare ta cikin watanni, shi tana iya zama kwanciyarsa ta ƙarshe. Mace a bayan babur, da goyo, da hijabi mai jan ƙasa kusa da sarƙa, mutum biyu ne cikin haɗari ɗaya. Mai amalanken shanu da ke dawowa daga gona bayan magariba ba shi da fitila ko ɗaya, balle a lokacin hazo.

Batun hular kwano ya isa misali. Hukumar Kiyaye Haɗurra, wadda aka kafa a 1988, ta fara tilasta sanya ta a ranar 1 ga Janairu, 2009. A makonnin farko har an ga masu babur a Kano sun kifa ƙwarya a ka don kauce wa kamu, fasinjoji kuma suka riƙa ƙyamar hular da wani ya sa, wasu don tsoron cuta, wasu don tsoron asiri. Dokar ta yi sanyi, yau kuma da wuya a ga ɗan acaɓa da hula tsakanin Haɗeja da ƙauyukanta. Alhali kuwa raunin kai shi ne babban makashin mai babur, kuma hula mai inganci na rage raunin ƙwaƙwalwa da kusan kashi 70 cikin 100. An kawo doka ba a kawo bayani ba, ba a kuma yi tunanin tsadar hular da zafin bazarar yankin ba.

Wajibi ne a faɗi gaskiya game da abin da ake kira ganganci. Ɗan ƙwadagon da ya hau saman buhunan shinkafa a bayan akori-kura ya san kujerar gaba ta fi aminci. Aljihunsa ne ya zaɓa masa wurin zama. Haka fasinja biyu da ake cusawa a kujerar gaba, babu wanda zai iya ɗaura bel ko da yana so. Inda bel ke rage yiwuwar mutuwa da kusan rabi, wanda ke saman kaya shi ne na farko da za a yi jifa da shi.

6.0 Bayan Karo, da Rabon Malami

Masu ceto na farko a wannan yanki ba ma'aikatan lafiya ba ne. Mutanen gari ne, kuma ba a raina himmarsu. Amma himma ba tare da sani ba takan ƙara rauni. Akan ciccibi wanda wuyansa ya karye, kai na lilo, a naɗe shi a bayan mota, sai karaya ta koma shanyewar jiki. Akan ɗura wa wanda ya suma ruwa. Akan tsaya kallon jini na zuba, alhali danna wurin da tsumma mai tsafta da ƙarfi zai iya riƙe rai har asibiti. Wasu kuma sukan ja baya don tsoron kada a riƙe su da tambayoyi ko a ce su ajiye kuɗi, ba su san cewa Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta hana kowane asibiti ƙin karɓar mai bukatar taimakon gaggawa ba. Idan rauni ya shafi ƙwaƙwalwa ko laka, sau da yawa sai an miƙa Asibitin Koyarwa na Aminu Kano ko Asibitin Ƙashi na Dala, tafiyar sa'o'i a kan hanyar nan da ta jawo abin. Mai hali zai ɗauki shatar mota nan take. Marar hali zai koma gida a kira mai ɗori, wanda ya ƙware a karaya mai sauƙi, amma karayar da ƙashi ya huda fata ba tasa ba ce.

Irin waɗannan da ke cikawa a gida bayan mako guda ba sa shiga kundin kowa. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta ƙirga mutum 5,421 da suka mutu a 2024, alhali ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya ga Nijeriya ya haura 30,000 a shekara. Wurin da ba a ƙirga mamatansa ba, ba zai shiga jerin wuraren gyara ba.

Za a ce duk wannan sai da kuɗi, jiha kuma ba ta da su. Hanyar da za ta kewaye gari da sashen jinyar ƙuna a Haɗeja lalle suna bukatar kuɗi, kuma sun cancanci a kashe. Amma mayar da rumfunan kasuwa baya da 'yan mitoci, da ware filin lodi, da gina tudun rage gudu bisa ƙa'ida a mashigar kowane gari, da manna ƙyalle mai ƙyalli a bayan amalanke, ba su fi ƙarfin ƙaramar hukuma da hakimi da ƙungiyar direbobi ba. A Ghana an gwada koya wa direbobin haya taimakon farko, tun da su ke fara isa wurin haɗari, aka kuma ga amfaninsa. Babu abin da zai hana a yi haka a tashar Haɗeja, cikin harshen Hausa.

A nan ne malamin makaranta ya shigo, musamman malamin Hausa, domin a ƙauyuka da yawa shi ne ma'aikacin gwamnati da ya fi kusa da iyaye. Darasin insha'i na iya zama bayanin yadda ake tsayar da jini. Darasin auna fahimta na iya ɗaukar labarin tururin fetur. A darasin nahawu ana iya ba ɗalibai jimlar "mota ta ƙwace" a ce su sake gina ta yadda mutum zai zama aikau. Wanda aka tura makarantar da ke bakin titi kuma, a makonsa na farko ya tsaya a ƙofa lokacin tashi, ya ƙirga yara nawa ne ke tsallaka kwalta, ta ina suke tsallakawa, su wa ke riƙe hannun 'yan aji ɗaya. Ya rubuta adadin, ya kai wa shugaban makaranta da kwamitin iyaye da mai unguwa, tare da lambar kiran gaggawa ta Hukumar Kiyaye Haɗurra, wato 122. A wasu makarantun zai tarar cewa maganin bai wuce a toshe ƙofar da ke kallon titi a fasa wata ta gefen unguwa ba.